Yadda na haƙo tarihin ƙaramar hukumarmu, da yadda za ka haƙo na taku

Shekara talatin da biyu na yi ina riƙe da alli a lakwal, fiye da rabinsu a ƙauyukan bakin Gulbi na jihar Maraɗi, a Nijar, amma sai bayan na aje aiki wata jikata 'yar aji shida ta ɗaure ni da tambaya. Malaminsu ya ce kowa ya rubuto tarihin ƙaramar hukumarsu. Ta same ni a zaure ta ce, "Tsoho, wa ya yanka iyakar tamu? Kuma don me ofishin magajin gari yake can, alhali babbar kasuwa tana nan garinmu?" Na yi jim, na ce ta bari sai gobe. Ta fita tana dariya, wai ashe mushe ma akwai abin da bai sani ba.

Washegari na hau kabu-kabu na tafi meri, wato ofishin magajin gari. Aka miƙo mini kundin tsarin raya ƙaramar hukuma, wanda ma'aikata ke kira PDC. Ya haura shafi ɗari, amma tarihin bai cika rabin shafi ba: wani maharbi ya zo ya sauka gindin tsamiya, daga nan sai dokar 2002. Tsakanin maharbin da dokar babu kowa. Cike wannan giɓin ya ci mini rani biyu, da takalmi ɗaya, da goro da ban ƙirga ba. Ba zan faɗi sunan ƙaramar hukumar ba, don wasu maganganun har yanzu da zafinsu, amma hanyar da na bi za ta yi maka aiki ko a Safo kake, ko Hawandawaki, ko Birnin Lalle.

Ka sayi littafin rubutu mai kauri guda biyu. Ɗaya na abin da ka gani a takarda, ɗaya na abin da ka ji a baki. Kada ka haɗa su. Na haɗa da farko, bayan wata uku na kasa tuna ko wata shekara daga rajista na kwafo ta ko wani dattijo ne ya cinka.

A shafin farko na littafin takarda ka jera shekarun da doka ta taɓa ƙasa, don su ne turakun da za ka ɗaure sauran labarin. Zamanin Nasara ƙasar a rabe take serkal-serkal, kowane da kumandansa, a ƙarƙashinsa kuma kanto-kanto da sarakunansu. Bayan 'yancin kai na 3 ga Agusta 1960, dokar 17 ga Yuli 1964 ta raba Nijar manyan kashi bakwai, Maraɗi na cikinsu, kowane kashi aka yanka shi arondisma-arondisma da sufirefe a kai. A haka mutumin karkara ya zauna shekara arba'in: mai gari, sarkin kanto, sufirefe. An gwada zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairun 1999, zamanin Bare Mainasara, aka soke yawancin sakamakon, a watan Afrilu kuma aka kashe shi kansa, magana ta kwanta. Dokar da ta haifi ƙaramar hukumarku ita ce mai lamba 2002-014 ta 11 ga Yuni 2002. Ita ta kafa ƙananan hukumomi 265, na karkara 213, na birni 52, ta kuma faɗi garin da zai zama mazaunin kowace. Zaɓen farko ya zo ranar 24 ga Yuli 2004, zamanin Tanja Mamadu. Ranar zaɓe daban, ranar da aka ɗora majalisa ta fara aiki daban, ka nemo ta taku a rajista.

Daga nan kujerar ta yi ta canja hannu. Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 kantomomi suka riƙe, aka fito da sabon kundin dokokin ƙananan hukumomi ranar 17 ga Satumba na shekarar, aka yi zaɓe 11 ga Janairu 2011. Waɗanda aka zaɓa a lokacin sun daɗe, ana ta ƙara musu wa'adi har zaɓen 13 ga Disamba 2020. A watan Afrilun 2024 kuma gwamnatin soja ta rushe majalisun ta naɗa kantomomi. Akwai kuma 2011 ɗin da mutane ke mantawa: a watan Agusta aka ƙara yawan gundumomin ƙasar, wato arondisman dā, daga 36 zuwa 63. A jiharmu aka cire Gazawa daga Agye, aka cire Barmo daga Dakoro, suka zama takwas tare da Madarumfa, Gidan Rumji, Mayahi da Tasawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman takarda. Idan Gangara kake bincike, duk abin da ya gabaci 2011 ka fara tambayarsa a Agye.

To, yanzu tambayar da ta fi kowace: daga wane kanto aka yanko ku? Masu dokar 2002 ba su zo da sabon zane daga Yamai ba, galibi sawun kanto suka bi. Inda kanto yake madaidaici, shi ya zama ƙaramar hukuma sukutum, kamar yadda za ka gani a Jiratawa, Gabi, Sarkin Yamma, Cadakori ko Saye Sabuwa. Inda yake da faɗi aka tsaga shi. Kanton Kornaka kaɗai ya fitar da biyar: Kornaka, Ajekoriya, Ɗan Gulbi, Sabon Mashi da Maiyara. A gundumar Mayahi kanto biyu ne, Mayahi da Kanambakashe, suka haifi ƙananan hukumomi takwas. A arewa kuma, wajen Barmo da Gadabeji, lissafin ya bi rukunonin Fulani da Buzaye, waɗanda shugabanninsu mutane suke mulka duk inda suke kiwo. Da ka san wanne ne naku cikin ukun nan, ka san ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa.

Kanton kuwa tarihinsa ya zarce zuwan Nasara. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Katsina ta faɗi a 1807, zuriyar sarakunanta suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajajen 1819. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka gina Tsibiri. A tsawon ƙarnin nan mutane a cunkushe suke cikin garuruwa masu shinge a kwarin Gulbi saboda hari. Sai da yaƙe-yaƙe suka lafa a farkon mulkin Faransa aka fantsama kan jigawa ana sarar daji, daga baya gyaɗa ta ƙara tura mutane. Shi ya sa taswirarmu ta cika da Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane. Yawancinsu sunan mutumin da ya fara sara ne, kuma jikansa ko tattaɓa kunnensa na nan da rai. Na yi kuskuren ɗaukar kowane ƙauye tsoho ne. A cikin namu, waɗanda suka girmi zuwan Nasara ban cika yatsun hannu ɗaya da su ba.

Takardun meri: ka rubuta wasiƙar neman izini, ka kai da kanka, zuwa da kai ya fi aike. Magajin gari, ko kantoman da ke riƙe da kujerar, zai sa hannu, amma mutuminka shi ne sakatare ko tsohon ma'aikacin rajistar haihuwa, don magadan gari suna zuwa suna tafiya, shi yana nan. Ka nemi rajistar zaman majalisa tun daga na farko. Kafin a rushe majalisun a 2024, doka ta ce majalisa ta zauna sau huɗu a shekara, ɗaya na kasafin kuɗi, kuma sarakunan gargajiya da 'yan majalisar dokoki na yankin suna zama ciki su ba da shawara ba tare da ƙuri'a ba. Ka karanta ka ga wa ya yi magana, wa ya ƙaurace, wane ƙauye ne sunansa ke dawowa kowane zama. Ka nemi kasafin kuɗi na kowace shekara, da littafin lanho, wato harajin kai, wanda ke ɗauke da sunan kowane ƙauye da yawan masu biya. Mu a karkara dala ɗari da arba'in muka saba biya kowane kai, mai gari ya tara ya kai, a ba shi lada daga ciki. Shekarar da ka ga lanho ya faɗi warwas, ka sa alama: ko damina ta ɓaci, ko an yi rikicin sarauta, ko mutane sun yi fushi da meri.

Ni dai da aka buɗe mini ɗakin ajiya, kwalin shekarun farko a ƙasa na same shi, jingine da bango. Na ɗaga, gindin ya zauna a wurin. Gara ta cinye rajistar zaman farko daga tsakiya, ta bar gefe-gefe kamar yadin leshi. Sunayen kansilolin farko sai daga rabin takardar da ta rage da bakin mutum uku na haɗa su. Saboda haka duk takardar da ta shigo hannunka ka ɗauki hotonta da salula nan take, shafi-shafi, har bangon. Kada ka ce sai ka dawo.

Daga meri sai ofishin firefe, shugaban gunduma, inda ake samun rahoton miƙa aiki tsakanin wanda zai tafi da wanda ya zo. In kana da halin zuwa Yamai, gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana da rahotannin rangadin kumandoji da bayanan da suka rubuta a kan kanto-kanto. Suna da amfani sosai wajen shekaru da yawan jama'a, amma ka karanta da ido ɗaya a buɗe. Kumandan abin da tafinta ya gaya masa ya rubuta, tafinta kuwa sau da yawa a gidan sarki ya ci tuwon dare. Ƙidayar jama'a an yi ta a 1977, 1988, 2001 da 2012, kuma hukumar ƙididdiga ta INS ta fitar da jerin garuruwa da ƙauyuka da ake kira RENALOC bisa ta 2012. Ka ɗora jerin kusa da littafin lanho. Ƙauyen da ke ɗaya babu shi a ɗaya, akwai labari a ƙarƙashinsa.

Wajen neman suna ka yi hattara da rubutun Faransanci. Gidan Rumji a takarda Guidan Roumdji ne, Jiratawa Djirataoua, Tasawa Tessaoua, Maijirgi Maïjirgui. Ƙaramin ƙauye kuwa za ka iya samunsa da rubutu iri uku a takarda uku. Ga kuma Sabon Gari da ba ya ƙirguwa. Kullum ka rubuta sunan yadda masu garin ke faɗa, ka bi shi da yadda takarda ta rubuta, ka ƙara da sunan kanto.

Aikin baki shi ne mai daɗin, shi ne kuma mai wuyar. Lokacinsa daga bayan girbi zuwa kafin zafin bazara ya tsananta. Da damina ba wanda zai bar gona ya zauna da kai, ranar kasuwa ma haka. Ka fara da fadar sarkin kanto, ka cire takalmi, ka yi gaisuwa yadda ta kamata, Allah ya ja zamanin sarki, ka faɗi abin da ya kawo ka a gaban fadawa. Idan ka tsallake fada ka faɗa ƙauye, kafin ka gama shan ruwa labari ya kai cewa wani ya zo da takarda yana rubuta gonaki. Ka riƙe goro da sukari da ganyen shayi. Ban ba kowa kuɗi don ya yi magana ba, in ban da makaɗan fada, su wannan sana'arsu ce, kuma kirarin da suke yi shi ne jerin sarakunan da ya fi na kowa cika, ko da yake wanda aka tuɓe sukan haɗiye sunansa.

Kada ka tambayi tsoho wace shekara. Zai ba ka lamba don kada ya kunyata ka, lambar kuma ba ta da tushe. Tambaye shi wa ya haƙa rijiyar farko, daga wane gari aka taso, me ya taso da su, mai gari nawa aka yi, na yanzu ɗan wa ne. Sannan ka auna da abubuwan da kowa ya sani. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914 ce. Ambaliyar da ta cinye tsohon garin Maraɗi a kwari har aka hau tudu, 1945. An daina aikin tilas a 1946. Ƙuri'ar i ko a'a ta zamanin Sawaba da Jibo Bakari, Satumban 1958. Hawan Seyni Kunce, Afrilun 1974, a ƙarshen babban fari. El-Buhari, 1984 zuwa 1985, lokacin da yunwa ta haɗu da rufe iyakar Najeriya. Da waɗannan a kanka, "ina goye aka yi kaza" ya zama shekara.

Ga misali. A wani ƙauye wani dattijo makaho ya ce mini rijiyarsu an haƙa ta damina biyu bayan Maraɗi ta hau tudu. Na rubuta 1947. Da la'asar na je bakin rijiyar, na ga kamar rubutu a jikin siminti ƙarƙashin kwarin da igiyar guga ta ci. Na roƙi wata yarinya ruwa, na jiƙa gefen rawanina na goge, sai ga 1958 an zana da tsinke tun simintin yana ɗanye. Na koma na ce, "Baba, ga abin da na gani." Ya ce, "Malam, wannan ai shekarar da Nasara suka ɗaure ta ce. Da itace muka yi mata baki, ta rufta sau biyu." Duka biyun gaskiya ne, kowanne da abin da yake ba da shaida a kai. Da na tsaya ga siminti na yanke wa garin shekara goma sha ɗaya.

Kada ka tsaya a ƙofar gidan mai gari. Sau da yawa gidan da ya sari daji daban, gidan da ke riƙe da sarauta daban, kuma yadda ta tashi daga wannan ta koma wancan shi ne rabin tarihin garin. Ka je wajen sarkin noma, da liman, da maƙera. Ka shiga wajen tsofaffin mata, ko ka aika 'yarka in al'adar gidan ba ta bari. Su suka san wane gari ke aure da wane, kuma auratayya ta fi takarda nuna waɗanda suka taso daga tushe ɗaya. A ƙasar da Iya ke da kujera a fadar Maraɗi, Inna a ta Gobir, abin kunya ne a rubuta tarihi babu muryar mace. Ka je ruga. Ardo ya san inda burtali ya bi kafin gonaki su matse shi, da tafkin da ya ƙafe, da sunan wurin kafin a yi gari.

A nan sai ka yi taka-tsantsan. Tun da aka kafa dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, da kwamitocin filaye da ake kira Kofo, kowa ya gane cewa wanda ya riga zuwa maganarsa na da nauyi a shari'ar gona. Wani magidanci ya biyo ni har gida da zabi biyu, wai in rubuta cewa fadamar gabas kakansa ya sare ta. Na mayar masa da zabinsa, na ce littafina ba ya shiga gona. Abin da ya shafi iyakar gona ko fadama, ka saurara, ka rubuta a littafin baki, kada ka fitar.

Amsar jikata kuwa a wurin wani tsohon ɗan kamasho na gyaɗa na same ta, ba a meri ba. Mazaunin ƙaramar hukuma ya bi fadar sarkin kanto, fadar kuma tana can tun kafin a san za a yi hanya. Garinmu tunga ce ta 'yan gidaje, sai aka kafa sikelin awon gyaɗa a bakin hanyar mota, kasuwa ta biyo sikeli, mutane suka biyo kasuwa. Da aka zo 2002 garinmu ya ninka wancan, dattawanmu suka yi ta kai kuka a ba mu mazauni ko a yanka mana tamu, ba a yi ba. Da na koma kan kasafin kuɗi sai na ga kuɗin tikitin kasuwarmu ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka na abin da meri ke tarawa da kanta, na kuma gane dalilin da ya sa sunan garinmu ke fitowa a kusan kowane zaman majalisa. Ka nemi irin wannan a taku. Ka tambaya wane gari ne ya so mazauni bai samu ba, wane ƙauye ne yake zaune a cikin iyakarku amma lanhonsa wani sarki yake kai wa, wane ne ya nemi a mayar da shi maƙwabta. Za a fara ce maka babu, komai lafiya. Ka sake cika butar shayi.

In ka zo rubutawa, inda baki biyu suka saɓa ka kawo su duka: mutanen gari kaza sun ce, fada kuma ta ce. Kada ka zama alƙali. Mai rai da ke cikin rigima kada ka kama sunansa. Ka rubuta da Hausa tukuna, fassarar Faransanci ta biyo baya in meri na so. Kafin ka kai wajen mai kwamfuta, ka koma ƙauyukan ka karanta musu abin da ka rubuta a kansu da babbar murya, a bainar jama'a. A zama ɗaya aka gyara mini sunan mai gari biyu da na juya, wata tsohuwa kuma daga bayan zana ta ɗaga murya ta ce an manta da shekarar da gobara ta tashi garin ya matsa yamma, abin da maza goma sha ba su ambata ba.

Na buga kwafi huɗu: ɗaya fada, ɗaya meri, ɗaya lakwal, ɗaya a akwatin ƙarfe a ɗakina, bisa bulo, nesa da bango. Hotunan takardun kuma na sa an tura su salula biyu. Jikar tawa yanzu tana kwaleji, aikin gidan da aka ba ta ya wuce tuntuni, layi huɗu ta rubuta a lokacin. Ita ke buga mini gyare-gyare. Saura ƙauye uku na arewacin kanto ban taka ba, akwai kuma wani ardo da aka ce ya haura tamanin, yana saukowa da shanu idan an kwashe gero. Na riga na aika masa da goro.